A ina za ka tsaya cin abinci a manyan titunan Amurka, yanzu da tsoffin diner ke ƙarewa

Jama'a barkanmu da war haka. 'Yan uwa da suka shigo Amurka kwanan nan, musamman waɗanda suka samu lasisin babbar mota da masu ɗibar iyali su yi doguwar tafiya lokacin hutu, tambayarsu ɗaya ce kullum, wai a ina mutum zai tsaya ya ci abinci a hanya ba tare da ya ci haram ba, ko ya ci abin da zai juya masa ciki, ko a yashe masa aljihu. Da yawansu suna zuwa ne da hoton diner a kai, irin ɗan dogon gidan abincin nan mai ƙyalli kamar tarago, da kujeru jere a gaban kanta da wata dattijuwa tana zagayawa da butar kofi. To wannan abin yana nan amma ya yi ƙaranci sosai a bakin babban titi, kuma ba jiya ya fara mutuwa ba.

Tun 1956 ne da shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka ratsa jihohi aka fara yi masa kabari. Kafin nan hanya ta cikin gari take bi, kowace mota sai ta wuce ta ƙofar mai abinci, da aka yi sabon titi sai ya kewaye garin ta baya, mai gida yana zaune yana jiyo ƙarar motoci daga nesa babu mai shigowa. Shi kansa Kanal Sanders na KFC abin da ya same shi kenan a garin Corbin na jihar Kentucky, da maganar titin I-75 ta taso dole ya sayar da gidan abincinsa ya shiga yawo da sirrin soya kazarsa. Route 66 da ta taso daga Chicago har Los Angeles tun 1926, a 1985 aka soke ta daga jerin titunan tarayya. Gidan abincin Howard Johnson's mai rufi ruwan lemo, wanda ya taɓa haura gidaje 1,000 a shekarun 1970, na ƙarshensa a Lake George ta jihar New York ya rufe a 2022. Denny's ma a 2024 suka ce za su rufe rassa 150. Sannan ga korona da ta zo ta kashe al'adar buɗewa awa 24, wurare da yawa da suka rage awanni lokacin har yau ba su koma ba.

Akwai kuma dalilin da sai direban babbar mota ne ya san zafinsa. Doka ta ba ka awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, da hutun minti 30 bayan awa 8, kuma tun ƙarshen 2017 na'ura ce ke lissafin ba biro da takarda ba. Agogon awa 14 ɗin nan ba ya tsayawa don kana cin abinci. Wa zai zauna jiran a soya masa ƙwai alhali lokaci na tafiya kuma bai san ko zai samu wurin fakin na kwana ba? Shi ya sa manyan tashoshin tirela da yawa suka rufe ɗakin cin abinci na zama suka sa kantar boga da sanwici a wurin.

To me ya rage. McDonald's da Burger King da ire-irensu suna kusan kowace mafita, za ka ga tambarinsu a shuɗin allon bakin titi, ba ni da abin cewa a kansu, ka san su na san su. Wuraren hutawa na gwamnati kada ka sa rai, dokar tarayya ta hana kasuwanci a cikinsu a yawancin manyan titunan, banɗaki ne da famfo da injin da za ka jefa wa kuɗi ya tofo maka biskit. Sai dai titunan da ake biyan kuɗin wucewa irin na New Jersey da Pennsylvania da Ohio, su suna da manyan tashoshi masu abinci a kan titin, amma tunda sun san ba ka da inda za ka farashin ma haka yake.

Buc-ee's, katafaren gidan mai da kanti wanda ya faro daga Texas a 1982, mutane na zuzuta shi kuma gaskiya banɗakinsu ba a magana, mai iyali zai ji daɗi. Amma ba wurin zama ka ci abinci ba ne, babu tebur, ka saya ka koma mota, sannan tirela ba ta shiga harabarsu kwata-kwata don haka ni a wurina kamar babu shi. Wawa da Sheetz a can gabas gidan mai ne da allon taɓawa na yin odar sanwici, na kifin tuna ko na ƙwai da cuku yana fidda mutum kunya da tsakar dare, iyakarsa kenan.

Waffle House ya cancanci a yi masa adalci don shi ne ya fi kama da diner na da a cikin waɗanda suka rayu. A Georgia aka fara shi a 1955, ya cika kudu, ba ya rufewa dare da rana, har ma'aikatan agajin gaggawa suna duba ko ya rufe don su gane ƙarfin guguwa a gari. Kana zaune a kanta kana kallon mai suya, wanda abu ne mai kyau, amma kallon ne zai nuna maka matsalar, ƙarfen suya ɗaya ne shimfiɗe, naman alade na tsuwa a gefe ƙwanka na gefe kuma cokalin juyawa ɗaya. Waffle ɗin kansa a nasa ƙarfen daban ake gasa shi, shi da kofi sun isa riƙe ciki. Iowa 80 da ke Walcott a kan I-80, wadda ke kiran kanta tashar tirela mafi girma a duniya, ka tsaya sau ɗaya ka ba idonka abinci.

Yanzu ga inda zuciyata take, kuma ba zan ɓoye ba, dhaba, wato gidan abincin bakin hanya na 'yan Punjab. Direbobin tirela 'yan asalin Indiya, yawancinsu mabiya addinin Sikh masu rawani, sun yi yawa a wannan sana'a musamman daga California, sai 'yan uwansu suka riƙa sayen tsoffin tashoshin mai da gidajen abincin da suka mutu suna buɗe kicin. Za ka same su a kan I-40, a wurare irin Sayre ta Oklahoma da Vega ta Texas, wato daidai layin da tsohuwar Route 66 ta bi, da kuma titin 99 wajen Bakersfield, da wasu a kan I-80 da I-10. Daga waje ba za su burge ka ba wallahi, wani ma a jikin gidan mai yake ko cikin wata tsohuwar tirela da aka mayar kicin, fili ne na ƙasa da tsakuwa da manyan motoci jere, allon sunan ya koɗe. Amma kana tura ƙofa ƙamshin albasa da citta da tafarnuwa zai tare ka, ka ji ana tafa ƙullin fulawa a ciki, talabijin na can sama yana ta waƙar Punjab babu mai kallo.

Abin da ya sa na fifita su ba wai daɗin baki kaɗai ba. Na farko rabin abin da suke dafawa babu nama a ciki tun asali, ba wai an cire maka ba ne don ka roƙa. Dal, wato miyar wani ƙanƙanin wake da aka dafa har ya narke, da chana, wato wani wake mai ƙwaya manya, da miyar ganye, da farin kabeji da dankali, da shinkafa, da roti, wato faifan burodin fulawa, da za a gasa maka a lokacin a kawo da zafinsa har ba ka iya riƙewa. Da safe ka nemi aloo paratha, fulawa ce aka cusa mata dankali da yaji aka toya, a ɗora mata man shanu yana narkewa, ga kindirmo a gefe da ɗan tsami, biyu kawai za ka ci ka yi rabin Texas ba ka tuna yunwa ba, kuma ba irin ƙoshin boga ba da bayan awa ɗaya ido ke fara lumshewa a kan sitiyari. Shayinsu na madara da citta kuwa ka zo da filas a cika maka. Na biyu sun san direba don su ma direbobi ne ko 'ya'yan direbobi, akwai filin juya tirela, da yawansu za ka iya kira kana saura mil 30 ka iso an ƙulle maka a leda, hutun minti 30 ya isa har ka yi alwala ka yi sallah, kuma ba wanda zai tsaya yana kallonka don ka shimfiɗa darduma a gefe.

Amma ga wani abu da ya kamata a sani. Ganin rawani da gemu ba ya nufin naman gidan halal ne. A ƙa'idar addinin Sikh ma an hana su cin naman da aka yanka irin yankan Musulmi, don haka kada ka yi zato, ka tambaya. Wasu gidajen suna sayen na halal saboda kwastomominsu Musulmi, wasu na 'yan Pakistan ne, wasu kuma a'a, kuma in ka tambaya cikin mutunci yawanci gaskiya za su faɗa maka. In ba ka gamsu ba ka tsaya a kan dal da roti, ba ka yi asarar komai ba.

Maganar tambaya ce ma ta sa na zama mai tsanani a harkar nan. A wani ƙaramin gidan abinci a kudu na nemi farantin ganye da wake, na tambayi mai kawo abincin ko akwai nama ta ce babu ko kaɗan, har da murmushinta, ina cikin ci cokali ya ɗago wani jan yanki mai kitse daga ƙasan ganyen. Da na kira ta sai ta ce ai wannan ba nama ba ne, na ɗanɗano ne kawai. A can kudu haka ake dafa ganye da koren wake da jan wake, da ƙashin alade ko kitsensa, kuma su a ransu ba ƙarya suka yi maka ba. Farar miyar nan da ake zubawa a kan biskit ɗinsu mai kama da burodi da safe da tsiran alade ake yinta, ɓawon fai na gargajiya da man alade ake kwaɓa shi a wasu gidajen, waken da aka dama a gidajen abincin Meziko ma haka. Don haka tambayar ba "akwai nama" ba ce, ka ce da me aka dafa, da wane mai, a kan wane ƙarfe. In ta ce bari ta tambayo kicin alama ce mai kyau, in ta amsa nan take ba ta ko yi tunani ba to ka sha kofi ka tafi.

Sai na jabu, waɗanda su suka fi ba ni haushi. Akwai gidajen da aka gina shekaran jiya aka lulluɓe su da ƙarfe mai ƙyalli da jajayen kujeru da hotunan tsoffin motoci da tambarin Route 66 a ko'ina, an yi su ne don 'yan yawon buɗe ido, abincin kuwa daskararre ne daga kwali a jefa a mai ko a maikrowef a caje ka ninki. Gane su ba wuya. Dubi filin fakin, in babu motar aiki ko ɗaya, babu ta masu gyaran wuta babu ta manoma, sai motocin haya masu lambar wasu jihohi, juya. In kantin sayar da riguna da kofuna ya fi ɗakin cin abincin girma, juya. In takardar abincin ta kai shafi goma, daga abincin Italiya har na Sin har kifin teku a tsakiyar hamada, kicin ɗaya ba zai iya dafa wannan duka sabo ba. Diner na gaske in ka dace da shi, kuma New Jersey ce ta fi ko'ina yawansu, za ka ga 'yan gari a ciki da ƙarfe 6 na safe ana kiransu da suna.

Dhaba ma an fara yi musu jabu tunda sunan ya fara kawo kuɗi, wani zai rubuta sunan a allo ya jera tirori a ƙarƙashin fitila tun hantsi, miya ta yi fata a sama, roti kuwa daga leda. In ba ka ji ana gashi ba, ko ka nemi sabo aka ce sai wanda ke ƙasa, ka haƙura. Takardar halal da aka manna a gilashi ma kowa zai iya buga ta, tambayi inda suke sayo naman ka ga yadda fuskar za ta yi.

Kada ka yarda da awannin da ka gani a waya, kira ka ji murya kafin ka sauka daga titi, musamman bayan ƙarfe 9 na dare, don sauka da tirela mil biyar cikin duhu ka tarar da kwaɗo a ƙofa kuma babu wurin juyawa ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Haka allon talla da ke cewa abinci na nan gaba kaɗan, wani mai shi ya rufe tun shekaru allon ne ba a sauke ba. Taurari biyar ɗin da ake ba gidajen abinci a intanet ma ka karanta na baya-bayan nan, ka ga ko mai rubutun ya ambaci abin da ya ci.

Wajen biya kuma ka buɗe ido. Tukuici a gidan da aka kawo maka abinci tebur kashi 15 zuwa 20 ne cikin ɗari, kuma kada ka hana don mafi ƙarancin albashin masu wannan aiki a dokar tarayya dala 2.13 ne a awa, da tukuicin suke rayuwa. Amma duba rasit tukuna, wasu sun riga sun saka shi a ciki sannan su bar maka wani layin a ƙasa ka sake sakawa, wasu kuma su ƙara kuɗin amfani da kati ba su faɗa ba. A famfon mai ka girgiza bakin da ake zura kati, in yana motsi ko ya fi na sauran famfunan kauri to ɓarayi sun ɗora na'urar kwashe bayanai, shiga ciki ka biya ko ka yi na taɓawa. Mai tirela kuma kada ka ajiye mota a filin wani kanti don za ka tsallaka cin abinci sai ka karanta allon da ke bakin shiga ka ɗauki hotonsa, akwai masu janye mota da ke laɓe suna jiran ka ba da baya su sa wa tayarka mari, kuma kuɗin da za su nema kafin su cire ya fi na abincinka na wata guda.