Tantancewar SafeCare: me za ta tsinana wa hukumar gudanarwar asibiti?

Galibin mambobin hukumar gudanarwar asibiti ba likitoci ba ne: ɗan kasuwa, lauya, tsohon ma'aikacin gwamnati, wani lokaci basarake. A zauna, shugaban asibiti ya karanto rahoto, a leƙa kuɗin shiga, a sha lemo, a watse. Ingancin jinya kuwa ba mai mizanin auna shi. Wannan giɓin ne SafeCare, wani tsarin tantance ingancin asibitoci, ke toshewa.

Gidauniyar PharmAccess ta ƙasar Holan ce ta kafa tsarin a 2011, tare da ƙungiyoyin tantance asibitoci biyu, JCI ta Amurka da COHSASA ta Afirka ta Kudu, domin asibitocin da ke fama da ƙarancin kayan aiki. Masu tantancewa kan zo su bi fannoni 13, tun daga shugabanci da ma'aikata har ɗakin tiyata, ɗakin gwaji da ajiyar magani. Sai a ɗora asibitin kan mataki, daga 1 zuwa 5, a kuma ba shi jerin gyare-gyare.

Jerin nan shi ne abin sayen. Takardar shaida ado ce ta bango. Hukumar da ta san abin da take yi za ta maida shi ajandar dindindin duk wata uku, kowane gyara da sunan mai alhakinsa, da ranar kammalawa, da kuɗinsa a kasafi. A naɗa mutum uku, har da shugabar ma'aikatan jinya, su riƙa zagayawa kafin taro. Su buɗe firijin rigakafi: yana tsakanin digiri 2 da 8? An rubuta awon sanyinsa safe da yamma, ko biro ɗaya ne ya cike wata guda a zama ɗaya? Kwalin zubar da allura, ana rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu, ko sai ya yi tozo?

Raunin SafeCare shi ne yawan dogaro da takardu. Ana iya rubuta ƙa'idoji tsaf mako guda kafin zuwan masu tantancewa, ma'aikata ba su taɓa ganinsu ba. Ba kuma zai hana mamba cusa ɗan ƙanensa aiki ko karɓe kwangilar dizal ba. Wannan sai hukuma ta tilasta wa kowa bayyana alaƙarsa a rubuce, ya fita yayin yanke hukunci.

Tsarin ya dace da asibitin kuɗi ko na mishan mai hukumar da ke riƙe da kasafi. Wadda ba ta da ikon amincewa da ko kuɗin gyaran janareta, ta fara neman wannan ikon tukuna.