MIT ko GPL: amsa ga mai shirin sakin manhajarsa

Ɗan'uwa, tambayar taka ta zo a dunƙule, amma guda uku ce. Ka ce ka rubuta wani ɗan laburare, wato guntun manhaja da wasu ke haɗawa a cikin tasu, da kake so ka ɗora a GitHub, dandalin ajiye rubutun manhaja a intanet, domin masu rubuta manhaja su amfana, sai ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin lasisin MIT da na GPL. Ka ce kana so ka ƙara layi ɗaya da zai hana a yi kasuwanci da shi. Sannan ka tambaya ko sai ƙungiyar OSI (Open Source Initiative, mai fayyace abin da ake kira buɗaɗɗiyar manhaja) ta duba aikinka ta amince kafin ka kira shi buɗaɗɗiyar manhaja.

Bari mu fara kawar da abin da lasisin biyu suka yi tarayya a kai, don ba shi da yawa a faɗa. Dukansu sun ba kowa damar ya yi amfani da kod ɗinka, wato rubutun umarnin da manhajar ta ƙunsa, ya kwafa, ya gyara, ya rarraba, har ya sayar. I, har GPL. Mutane da yawa suna zaton ta hana sayarwa, ba ta hana ba. Dukansu sun cire maka alhakin duk wata ɓarna da manhajar ta jawo wa mai amfani da ita. Kuma a dukansu haƙƙin mallaka yana hannunka, izini kawai ka bayar. Idan kuwa ka ɗora kod ɗin ba tare da wani lasisi ba, to a doka ba ka ba kowa izinin komai ba. Ƙa'idojin GitHub sun bar mutane su gani su kuma cire reshe, wato su yi nasu kwafin aikin, a cikin dandalin, amma babu kamfani mai hankali da zai saka shi a cikin kayansa.

Inda suka rabu shi ne abin da zai faru bayan wani ya ɗauki kod ɗinka ya gina nasa a kai.

Lasisin MIT, wanda ya samo asali daga jami'ar fasaha ta Massachusetts a shekarun 1980, bai kai kalma 200 ba. Abu ɗaya ya nema: duk inda aka kai kod ɗin, a bar sunan mai haƙƙin mallaka da rubutun lasisin. Shi ke nan. Mutum na iya ɗaukar laburarenka, ya inganta shi, ya rufe shi a cikin manhajar da yake sayarwa, bai nuna wa kowa gyaran da ya yi ba, kuma bai saɓa komai ba. Lasisin BSD mai sharaɗi biyu da mai sharaɗi uku duk 'yan gida ɗaya ne da shi.

GPL kuwa Richard Stallman ne ya rubuta ta domin aikin GNU, shirinsa na samar da 'yantattun manhajoji. Ta farko ta fito a 1989, ta biyu a 1991, ta uku a 2007. Sharaɗinta na gado ne: idan ka gina wani abu a kan kod mai GPL, sannan ka miƙa wa wasu, dole ka ba su ainihin kod ɗin abin da ka gina, a ƙarƙashin GPL ɗin, su ma su sami damar da ka samu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A lura da kalmar miƙawa, domin a nan ake yawan ruɗewa. Kamfani na iya ɗaukar manhaja mai GPL, ya canza ta yadda ya ga dama, ya yi ta amfani da ita a cikin ofisoshinsa shekara da shekaru, babu wanda zai ce ya fito da kod. Sai ranar da ya ba wani kwafi, ko ya saka ta a cikin na'urar da yake sayarwa, sannan sharaɗin ya hau kansa. Wannan ya bar wata ƙofa a buɗe: mai gudanar da manhaja a kan sabarsa, wato kwamfutarsa da ke ba da hidima, mutane suna shiga ta intanet, bai miƙa wa kowa kwafi ba. Domin toshe wannan ƙofa aka fitar da AGPL ta uku a ƙarshen 2007, wadda ta ce wanda ya gyara manhajar kuma jama'a suna amfani da ita ta hanyar sadarwa, dole ya ba su kod ɗin. Tana da ƙarfi har Google ta rubuta a ƙa'idojinta cewa ma'aikatanta kada su taɓa kod mai AGPL.

Masu gardama kan wanne ne ya fi 'yanci suna ɓata lokaci, a ganina, don kowanne da wanda yake karewa. MIT tana kare 'yancin wanda ya ɗauki kod daga hannunka. GPL tana kare 'yancin mutum na uku da na huɗu, wanda zai karɓi manhajar daga hannun wanda ya ɗauka. Labarai biyu sun fi kowane bayani nuna wannan.

Andrew Tanenbaum, malamin kimiyyar kwamfuta, ya saki MINIX, tsarin tafiyar da kwamfuta da ya rubuta, a ƙarƙashin lasisin BSD. A 2017 ne duniya ta fahimci cewa Intel ta saka wani nau'in MINIX 3 a cikin wani ɓoyayyen sashe na kayanta da ke cikin ɗimbin kwamfutoci. Tanenbaum ya rubuta wa shugaban kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa, inda ya nuna cewa da an sanar da shi da ya ji daɗi, amma ya yarda lasisin bai wajabta hakan ba. Intel ba ta yi laifi ba. Abin da ya ba da izini a kai ke nan. Haka Sony ta gina tsarin PlayStation 4 a kan FreeBSD, wani tsarin mai lasisin BSD, ba tare da ta buɗe nata ba.

A ɗaya ɓangaren, a 2003 aka gano cewa na'urar rarraba intanet ta Linksys mai suna WRT54G tana aiki da tsarin tafiyar da kwamfuta na Linux, wanda ke ƙarƙashin GPL ta biyu. Masu haƙƙi suka matsa, aka saki kod ɗin, daga nan aka haifi aikin OpenWrt, wanda har yau mutane ke ɗora shi a kan ɗaruruwan nau'ikan irin wannan na'ura. Da lasisin Linux irin na MIT ne, da babu hujjar da za a matsa da ita. Kuma kada a ɗauka waɗannan sharuɗɗa roƙo ne kawai. A shari'ar Jacobsen da Katzer a 2008, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar cewa saɓa sharaɗin buɗaɗɗen lasisi keta haƙƙin mallaka ne.

To amma GPL tana da farashinta, kuma farashin ya fi ciwo ga irin abin da ka rubuta. Laburare ba manhaja ce mai tsayawa da ƙafarta ba, ana haɗa shi ne da kod ɗin wasu. Matsayin gidauniyar FSF (Free Software Foundation), wadda ke riƙe da GPL, shi ne duk manhajar da aka haɗa da laburare mai GPL ta zama abu ɗaya da shi, don haka in za a rarraba ta sai da GPL. Lauyoyi sun daɗe suna ja-in-ja kan iyakar wannan, amma kamfanoni ba sa jiran a gama gardama, wucewa kawai suke yi su nemi wani laburaren. Ko Apple, da GPL ta uku ta fito, sai ta tsaya cak a kan tsohuwar bash 3.2 mai GPL ta biyu, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da ita, har a 2019 ta sa takwararta zsh ta zama wadda macOS ke buɗewa kai tsaye. Shi kansa Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ƙi mayar da Linux zuwa ta uku, saboda sharaɗin da ya hana mai ƙera na'ura kulle ta yadda mai ita ba zai iya ɗora gyararren kod ba. FSF ta san da wannan matsala ta laburare tun 1991, shi ya sa ta fitar da LGPL: gyaran da aka yi wa laburaren kansa dole a buɗe, amma manhajar da ta kira shi na iya zama a rufe. MPL 2.0 ta Mozilla ma tsakiya ta tsaya, sharaɗinta yana bin fayil ne ɗaya bayan ɗaya.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, wanda ya kamata ka duba kafin ka yanke: Apache 2.0, na shekarar 2004. Sassaucinsa irin na MIT ne, sai dai ya yi magana a kan abin da MIT ta yi shiru a kai, wato haƙƙin ƙirƙira (patent), kariyar da doka ke ba sabuwar dabara, daban da haƙƙin mallakar rubutun kod. Duk wanda ya ba da gudummawar kod ya ba masu amfani izini a kan haƙƙin ƙirƙirar da ya shafi gudummawar, kuma wanda ya kai ƙara yana cewa aikin ya keta nasa haƙƙin ƙirƙira, ya rasa wannan izinin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 gidauniyar Apache ta hana ayyukanta amfani da kod mai irin lasisin da Facebook ta ɗora wa laburarenta React, saboda wani sharaɗin haƙƙin ƙirƙira da ke cikinsa, kuma cikin 'yan watanni Facebook ta mayar da React zuwa MIT. Illar Apache 2.0 ɗaya ce: ba ya haɗuwa da kod mai GPL ta biyu zalla, ko da yake yana shiga cikin ta uku lafiya lau. Hanyar ma gaba ɗaya mai tafiya ɗaya ce. Kod mai MIT na shiga aikin GPL, na GPL ba ya dawowa cikin aikin MIT ya zauna a matsayin MIT.

Yanzu layin nan naka na hana kasuwanci. Kana da iko ka rubuta shi, kod naka ne. Amma da zarar ka rubuta, abin ya tashi daga buɗaɗɗiyar manhaja. Ma'anar da OSI ke aiki da ita tana da sharuɗɗa 10, Bruce Perens ne ya tsara asalinsu domin aikin Debian, mai tattara manhajojin Linux, a 1997, kafin shi da Eric Raymond su kafa ƙungiyar a 1998. Na biyar ya hana nuna bambanci ga wani mutum ko wasu jama'a. Na shida ya hana nuna bambanci ga wani fannin aiki, kuma kasuwanci ne misalin da aka fara kawowa a cikinsa. Ko da niyyar mai kyau ce, hukuncin ɗaya ne. Douglas Crockford ya ƙara wa lasisin MIT jimla guda a kod ɗinsa na JSON, wani tsarin musayar bayanai, cewa a yi amfani da manhajar wajen alheri, ban da sharri. Wannan jimlar kaɗai ta sa Debian da FSF suka ƙi karɓarsa a matsayin 'yantaccen lasisi, domin wa zai yanke abin da ake kira sharri? Haka "kasuwanci": malamin da ake biya albashi ya koyar da laburarenka, kasuwanci ya yi ko bai yi ba?

Idan abin da ke damunka shi ne kada wani ya ci riba da guminka ya rufe ƙofa, to GPL ko AGPL kake nema, ba hana kasuwanci ba. Wasu ma da wannan suke samun kuɗi: su saki kod da GPL, kamfanin da ba ya son sharaɗin ya zo ya sayi lasisi na daban. Qt da MySQL sun daɗe a kan wannan tsari.

Batun amincewar OSI kuwa ya fi yadda kake zato sauƙi. Ba ta duba manhaja, lasisi take dubawa. Ba hukumar gwamnati ba ce, ƙungiya ce mai zaman kanta a Amurka, kuma ba ta da ikon hukunta kowa. Wanda ya rubuta sabon lasisi shi ne ke miƙa shi, a tattauna a bainar jama'a, kwamitin lasisi ya ba da shawara, hukumar gudanarwa ta kaɗa ƙuri'a. Kai da za ka ɗauki MIT ko GPL ko Apache yadda suke, babu takardar da za ka cike, babu wanda za ka sanar. Amfanin jerin nasu shi ne lauyan kamfani ko mai tattara manhajoji na Fedora ko Debian ya ga sunan lasisin ya san abin da ke ciki ba sai ya karanta ba. Da ka canza kalma ɗaya, ka rasa wannan.

Nauyin amincewar ya fito fili a labarin MongoDB, kamfanin manhajar adana bayanai. A Oktoban 2018 kamfanin ya bar AGPL ya koma wani lasisi da ya rubuta da kansa, SSPL, wanda ya ce mai sayar da manhajar a matsayin hidima ta intanet dole ya buɗe kod ɗin duk abin da yake tafiyar da hidimar da shi. Ya miƙa wa OSI, da ya ga ba za a amince ba ya janye a 2019, kuma Debian da Fedora da Red Hat suka cire MongoDB daga rumbunsu. Elastic ta bi wannan hanya a 2021, Amazon ta cire reshe ta kira shi OpenSearch. Redis ta bi a 2024, aka cire Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Daga baya Elastic a 2024 da Redis a 2025 duka suka ƙara AGPL a cikin zaɓin lasisinsu, wato suka dawo cikin jerin OSI, amma rassan da aka cire sun riga sun kama ƙasa.

Da ni ne a matsayinka, ƙaramin laburare da nake so ya yaɗu, Apache 2.0 zan sa, ko MIT idan ina so masu GPL ta biyu su ma su iya ɗauka. Da cikakkiyar manhaja ce da mutane za su ɗora a kwamfutarsu, da GPL ta uku zan ce maka ba tare da jinkiri ba. Da hidima ce ta intanet, AGPL.

Ka yanke shawarar tun yanzu da kake kai kaɗai. Abin da ka riga ka saki da MIT ba ya dawowa; kana iya canza lasisin fitowa ta gaba, amma tsohuwar tana nan a hannun mutane da tsohon izininta. Da zarar kuma ka karɓi gudummawar wasu, kowannensu yana da haƙƙi a kan nasa layukan, canza lasisin GPL zuwa wani sai da yardarsu ko ka cire abin da suka rubuta. Masu OpenSSL, laburaren tsaron sadarwa, sun fara bin waɗanda suka taɓa ba su gudummawa ɗaya bayan ɗaya a 2017 domin komawa Apache 2.0, sai a 2021 fitowa ta 3.0 ta zo da sabon lasisin.

Kafin ka ɗora, duba abu biyu. Na farko lasisin duk laburaren da naka ya dogara a kansu, don in akwai mai GPL a ciki, zaɓin ya riga ya ragu. Na biyu takardar ɗaukarka aiki, in kana yi wa wani kamfani rubutun manhaja, domin wasu yarjejeniyoyin suna mayar da abin da ma'aikaci ya rubuta mallakar kamfani. Idan duka biyun sun fita lafiya, ka kwafi rubutun lasisin yadda yake a fayil mai suna LICENSE, ka sa shekara da sunanka inda aka tanada, sannan a saman kowane fayil ka rubuta gajeren sunansa na tsarin SPDX, jerin gajerun sunayen lasisi da aka daidaita. In GPL ka ɗauka, ka bambance tsakanin GPL-3.0-only da GPL-3.0-or-later, domin na biyun ya ba masu amfani damar bin duk wata sabuwar GPL da FSF za ta fitar nan gaba.