Dutsen idon mage da yadda ake cinikinsa a Siri Lanka

Salamu alaikum Yaya, da kai da sauran 'yan uwa na kasuwar duwatsu a Jos, ina fatan kowa lafiya, ya sanyi ya iyali. Maganar idon mage da kuka dame ni da ita wai in sayo maku ko guda biyar ne ku gwada, na ga gara in rubuta a dunƙule kowa ya karanta, dan saƙon murya baya ɗaukar bayanin.

Da farko dai waɗancan zobban masu arha da ake kawo maku masu layin haske a tsakiya, wani ruwan hoda wani shuɗi wani kore shar, mafi yawansu gilashi ne da aka haɗa a masana'anta, layin ma in kun lura yayi kyau fiye da kima. Akwai kuma na dutsen kwaz, shi dutse ne na gaske amma bashi da daraja sosai. Wanda ake rububinsa a nan Siri Lanka sunansa kirisoberil, kuma a ƙa'idar 'yan kasuwa shi kaɗai ake cewa idon mage kai tsaye, sauran sai an haɗa da sunan dutsen. Launinsa daga ruwan zuma zuwa ruwan ɗorawa mai ɗan kore, wani yana ɗan yin ƙasa-ƙasa. Taurinsa 8.5 a ma'aunin taurin duwatsu da ake kira Mohs, kaga daimon 10 ne, safaya da yakutu 9, toh shi ke bi masu, shi yasa mutum zai sa shi a yatsa shekara da shekaru bai dushe ba. Yana da nauyi kuma, in ka riƙe shi ka riƙe kwaz mai girmansa hannunka ma zai gaya maka.

Abin da ke kawo idon wasu siraran allurai ne a cikin dutsen da ido baya rarrabe su, duk sun kwanta sun fuskanci gefe ɗaya, haske in ya faɗa kansu sai ya taru ya zama layi guda a gicciye, kamar yadda haske ke kwanciya a kan naɗin zaren siliki na masu aikin babbar riga. Amma layin baya fitowa sai mai yanka ya gano inda alluran suka dosa ya daidaita gindin dutsen da su sannan ya goge saman ya zama kumburarre. In ya karkace kaɗan idon ya koma gefe, dutsen ya faɗi warwas. A nan ne na gane tazarar da ke tsakaninmu da su Yaya, wallahi ƙasarsu bata fi tamu albarka da wani abin kirki ba, hannu ne suka fi mu. Zaka ga tsoho a ɗan shago da ko shagon mai cajin waya ya fi shi girma, da injinsa ɗan ƙarami, yana juya tsakuwa a ƙarƙashin tocila minti da minti kafin ya taɓa ta, kuma sana'ar nan gadonta yayi, uban ma gada yayi.

Ni a Beruwala nake, kudu da Kolombo a bakin teku, kasuwar tana unguwar da ake kira China Fort kuma ta fi cika Laraba da Asabar. Masu ita yawanci Musulmi ne, ga masallatai ko'ina, ga tsohon masallacin Kechimalai a kan dutse a bakin ruwa, kiran sallah kake ji kamar kana gida kuma nama na halal ba wahala. Tsarin cinikin ya birge ni. Kai mai saye zama kake a tebur, dillalai su ke layi suna miƙo maka 'yar farar takarda a naɗe, ka buɗe ka haska ka taya, in tayin bai yi ba ya naɗe abinsa ya wuce ba zagi ba ɓata rai, in yayi kusa ya koma wajen mai dutsen ya dawo maka da amsa, la'adarsa kuma sananniya ce. Dutsen miliyoyi ake ba dillali ya zaga da shi a aljihun riga, dan wanda ya ci amana sau ɗaya kasuwar gaba ɗaya ta rufe masa. Mu ma muna da dillalai masu amana ban ce babu ba, abin da bamu da shi shine ɗakin gwaji. Nan kafin ka biya sai ka taka da ƙafa zuwa lab, wato ɗakin gwajin, a cikin kasuwar a auna maka a baka takarda, in babban dutse ne a kai hukumar gwamnati ta duwatsu da kayan ado a Kolombo, wadda ita ce kuma ke duba kayan da za a fitar waje, ko a tura Bankok wajen manyan ɗakunan gwaji na GIA ko GRS. A gida kuwa sai rantsuwa da ido, mai saye na tsoro mai sayarwa na tsoro, shi yasa kowa ke taya abu a wulaƙance.

Haƙar kuma yawanci a yankin Ratnapura ake yinta, cikin gonakin shinkafa. Rami ne ake yi a tokare bangon da katako, a sa famfo yana janye ruwa, a fito da tsakuwar da suke kira illam a wanke ta a kwando, masu nauyi su zauna a ƙasa. Mai gona da mai famfo da mai kuɗi da lebura kowa da kasonsa. Sai da lasin, kuma ana ajiye kuɗin jingina da ba za a mayar maka ba sai ka cike ramin bayan ka gama. Ku tuna ramukan haƙar safaya da aka bari a buɗe a gida, a Mambila da wajen Nisama. Kuma abin haushi, safayar tamu ta Mambila da ake sayarwa ɗanya a tsibi, na ganta a nan an yanke an goge da takardarta, kuɗinta ya ninka inda ba zan faɗa ba kar ranku ya ɓaci.

Kar ku ɗauka komai daɗi ne. A 2022 ƙasar nan ta ga tasku, layin mai na kwanaki, ɗauke wuta na awanni, har jama'a suka kori shugaba Gotabaya Rajapaksa a watan Yuli, kayan masarufi kuma har yau basu koma yadda suke ba. Baƙo kuwa farashinsa daban, mai keke napep da dillali duk ɗaya suke a nan. Abinci shinkafa da miyar kwakwa da yaji safe da rana da dare, ranar cikar wata da suke kira poya hutu ne ba a sayar da nama, sai dai akwai tamba, ita nake tuƙawa in kewar tuwo ta dame ni.

Toh batun daraja. Mai saye yana duba layin ya zama siriri mai kaifi, a tsakiya, daga baki zuwa baki ba yankewa. In ka haska tocila daga gefe rabi ya zama ruwan zuma rabi fari kamar madara, wannan shi ake biya. In ka sa fitila biyu kana juya shi idon ya buɗe ya rufe. Sannan ku duba gindin, dan da karat ake saye, karat ɗaya kuma giram 0.2 ne, wasu masu yankan sai su bar masa ƙaton ciki a ƙasa ka biya nauyin da ba a gani. Ƙanana suna da yawa, mai kyau da ya haura karat 10 kuwa sai an tona, kuma kuɗin karat ɗin kansa tsalle yake da girma ya ƙaru. Abin da masu tarawa ke so a gare shi yawanci ba a gasa shi a wuta kamar safaya, yadda Allah ya yi shi haka yake, duk da a 1997 an gano wasu duwatsun a kasuwannin Asiya da aka buga masu radiyeshan dan launin ya ƙara duhu, shi yasa takardar lab ba wasa bace. Ana samunsa a Barazil da Indiya da Madagaska da Tanzaniya, amma na nan ne yayi suna, har wanda ke gidan tarihi na Smithsonian a Amurka mai karat 58.19 da ake kira Maharani daga nan ya fito. Turawa sun haukace a kansa a ƙarshen shekarun 1800 bayan wani ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya ba wadda zai aura zoben idon mage. Yanzu Japanawa da 'yan Chaina ke ɗaukar masu kyan, Indiyawa kuma na saye saboda taurari, wai yana kare mutum daga sharri, mu dai wannan camfi ne ba ruwanmu, amma camfin nasu yana riƙe kasuwar.

Ra'ayina kar ku zuba jari a ciki. Zinari in ka matsu ka shiga kasuwa a Kano a ɗora a sikeli a baka kuɗinka yau, wannan kuwa bashi da farashin da aka rubuta a ko'ina, sai ka samu wanda ya san shi kuma yake so, a gida kuma waye zai taya? Wanda ke sha'awa ya faɗa min in nemo masa ƙarami mai takarda a ɗaura masa a azurfa tunda mu maza ba ma sa zinari. Kuɗin guda biyar ɗin nan kuwa gara ku haɗa mu turo yaro ɗaya mai natsuwa ya koyi yanka, akwai cibiyar gwamnati da ke koyarwa a nan, ya koma da inji ya fara da duwatsun akwamarin da tomalin ɗin da kuke sayarwa ɗanye. Ku zaɓi wanda idonsa ke da kyau kuma baya gaggawa, ku fara nema masa fasfo, masauki kuwa ina da ɗaki. A gaida Hajiya da yara.