Injin markaɗen da aka karɓa bayan wata bakwai

Ranar Talatar da ta wuce na fito daga wani babban shagon kayan lantarki a nan Hamburg ta ƙasar Jamus rungume da sabon injin markaɗe, ban biya ko sisi ba. Na kai kusan rabin awa zaune a tasha, jirage suna zuwa suna wucewa ban shiga ba, abin yana ta yi mini yawo a rai. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku, ku mutanenmu na Sakkwato, tun abin bai huce ba.

Injin na saya wa maiɗakina ne don markaɗen tattasai da albasa, yuro 40 da 'yan kai. Wata bakwai yana aiki lafiya lau, rannan ta kunna sai ya yi wani ƙugi, ya yi ƙauri, ya ɗauke. Har na sa shi a leda zan kai wurin da ake tara matattun kayan lantarki, domin a nan ba a jefa irinsu a kwandon shara. Wani Bazabarme mutumin Dosso da muke aiki tare ya ce, "Malam, rasit ɗin yana nan?" Na ce yana nan. Ya ce, "To mayar musu da kayansu."

Na tafi da shirin rigima. Tun a hanya nake jera abin da zan faɗa da Jamusanci: ba mu jiƙa shi ba, bai faɗi ba, yara ba su taɓa shi ba. Matar da ke teburin karɓar kaya ta amshi rasit ta haska da na'ura, ta jona injin a wuta, ta danna, shiru. Ta ɗago kai ta tambaye ni abu ɗaya: a gyara ko a ba ka wani? Na ce wani. Ta tura yaro ya ɗauko, ta buga takarda, na sa hannu. Har haƙuri ta ba ni don na sha wahalar zuwa. Duk abin bai kai minti biyar ba, kuma ba wanda ya kalle ni kallon maƙaryaci.

Daga baya abokin nawa ya warware mini yadda abin yake. Doka ce. Duk sabon kayan da ka saya a shago, mai sayarwa yana ɗauke da nauyin aibinsa har shekara 2. Tun daga 2022, in ya lalace cikin shekarar farko ana ɗauka da aibinsa ya zo, mai shago ne zai kawo hujjar cewa kai ka ɓata shi. Wanda kuma ka saya ta intanet, kana da kwana 14 ka mayar ko ba ka faɗi dalili ba.

Abin da ya zaunar da ni a tashar nan kuwa fanka ce. A watan Afrilun 2019, tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko bango ba ya taɓuwa da azahar, na saya wa Inna fanka mai tsayuwa a wani shago cikin garin Sakkwato. Na ɗauko ta a bayan kabu-kabu ina riƙe da kwalin da hannu biyu. Kwana uku ta yi tana juyawa, a na huɗu ta tsaya. Na mayar da ita da rasit da kwali da komai. Mai shagon ba baƙo ba ne, ya san mahaifina, muna haɗuwa a sahu. Ko jona ta bai yi ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, wuta ta ƙone ta. Kaya in sun hita shago ba su komowa." Ya ɗora yatsa a ƙasan rasit inda aka buga hakan da Turanci. Na ce, "Alhaji, ko buɗewa a yi a gani." Ya ce in kai wa mai gyara, ya juya wajen wani mai saye. Yaran shagonsa suna ta murmushi. Mai gyara ya buɗe ya ce nannaɗin wayar cikinta tun asali na banza ne. Inna ta ƙarasa bazarar nan da maficinta, tana ce mini in bar wa Allah.

To ga abin da ke ci mini rai. Mu ne muka zauna a zaure gaban malam aka biya mana babin ciniki a Risala: ba ya halatta a yi algus, ko yaudara, ko ɓoye aibi, ko gauraya mara kyau da mai kyau. Mu ne muka ji hadisin da ke cewa wanda ya yarda ya warware ciniki da ɗan uwansa Musulmi, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. A garin Shehu da Bello muka ji wannan. Matar nan ta shago ba ta taɓa jin sunan Risala ba, amma abin da ke cikin babin shi ta yi mini. Mu kuwa kwandon tumatir manya a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Mudu an lotsa masa gindi. Gero da tsakuwa. Wayar da aka buɗe aka sake liƙewa a rantse maka sabuwa ce a kwali. In ka dawo da ƙorafi kai ne mara kunya, sai a taru a ba ka haƙuri kamar kai ka yi laifin. Ko a Najeriya akwai dokar kare masu saye ta 2018 wadda ta ba mutum damar mayar da kaya mai aibi, amma je ka karanta wa mai shago ita ka ga irin kallon da zai yi maka.

Kada wani ya ɗauka na ce nan aljanna ce. Kasuwarsu ba ta da fuska. Wata rana da yamma, cikin sanyin hunturu, na ɗauki madara da burodi da shinkafa, katina ya ƙi aiki, kuɗin hannuna suka gaza da santi 30. Shago ne da na shekara biyu ina shiga kusan kullum. Mai karɓar kuɗi ta zare madarar ta ajiye gefe, ta miƙa hannu ga kayan na bayana. Ba ta yi laifi ba a tsarinsu, amma na fito zuciyata a ƙuntace. Na tuna mai shagon bakin layinmu da littafinsa mai maiƙo, wanda zai ce, "Tafi da shi, in an yi albashi ka kawo," ya kuma tambayi jikin Inna.

Ranar Lahadi gari a kulle yake. In gishiri ya ƙare sai ka nufi babbar tashar jirgi ko gidan mai, ka saya da tsada. Famfo ya lalace, sai ka buga waya a sa maka rana, wani lokaci mako biyu, kuma kuɗin zuwansa daban, na aikinsa daban. Takalmi ya ɓalle, kuɗin ɗinki ya kusa na sabo, ga shi babu mai gyaran da zai wuce ƙofar gida yana buga akwatinsa. Albasarsu kyakkyawa a raga, kai ɗaya, amma sai ka yanka uku kafin miya ta san an sa mata wani abu. Duk wanda ya tashi da albasar fadamun Wurno da Goronyo ya san abin da nake nufi. Gero sai a shagunan 'yan Afirka, cikin 'yar leda kamar magani. Naman halal muna samu wurin Turkawa da 'yan Afganistan a titin Steindamm, a kan sikeli, ba ƙari ba ragi, babu mahaucin da zai yanko 'yar tsoka ya ɗora ya ce ga gyara.

Wuri ɗaya na samu mai kama da gida, kasuwar kifi ta bakin kogin Elbe da ke ci da asubar Lahadi ta watse kafin hantsi. Can ne masu kayan marmari ke ɗaga murya, suna cika kwando suna ƙarawa har mai saye ya yarda. Nakan je ko ba na sayen komai, don in ji hayaniya. Amma ba ta kai ƙafar Kara, kasuwar dabbobinmu ta Sakkwato, ba, inda za ka gaisa da mutum goma kafin ka taya rago ɗaya.

A daren Talatar na kira ƙanena da ya buɗe shagon fitilu da batiran sola. Na ba shi labarin injin, na tuna masa fankar Inna, na ce ya rubuta a ƙofar shagonsa cewa duk abin da ya lalace cikin mako ɗaya a dawo da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, to ni wa zan mayar wa? Dilan da nake sara a hannunsa a Kano ba ya karɓa. Shi ma daga Legas aka ɗoro masa, can ma daga Sin, ba takarda ba komai." Gaskiyarsa ce. Matar nan ta karɓi injina hankali kwance ne don ta san shago zai mayar wa kamfani, asarar ba daga aljihunta za ta fita ba. Ƙanena kuwa in ya karɓi batir biyu, ribar watan ta tafi.

Duk da haka ban bar shi ba. Na ce aƙalla ya riƙa jona kaya a gaban mai saye, in ya san abu ba mai ƙarko ba ne ya faɗa da bakinsa, kuma kada ya bari yaransa su yi wa kowa dariya. Na ce ya rubuta sanarwar, kaya biyar na farko da aka dawo da su ni zan biya daga nan. Ya ce zai yi shawara da maƙwabtansa na layi, domin in shi kaɗai ya fara za su ce ya ɓata musu kasuwa. Jiya ya turo mini hoton kwali an rubuta da alƙalamin maka, an liƙa a jikin ƙyaure. Kwana uku ya sa maimakon bakwai.