Ƙasar da ake gaya wa mai sayen gyaɗa cewa akwai gyaɗa a ciki

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kana lafiya, da Inna da su Anti da yara baki ɗaya. Ya kasuwa? Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da ya kankama, rana kuwa kafin ƙarfe huɗu ta faɗi.

Ka ce in ba ka labarin kayan kantunan Ingila, ko da gaske sun fi namu kamar yadda ake zuzutawa. Wasu sun fi, babu musu. Wasu kuma kyan ido ne kawai. Tumaturinsu dai ko kusa bai kama ƙafar na Kadawa ba. Sai dai kai da ka tsufa a Kasuwar Singa, na san abin da zai fi ɗaure maka kai shi ne rubutun da ke jikin kayan. Nan ba a sayar maka da abu sai an ja maka kunne. Kofin shayi na takarda, an buga a murfinsa cewa a yi hattara, da zafi. Ledar da aka sako riga a ciki, an rubuta kada a bar jariri ya zura kansa. Maganin da ka saya musamman don ya sa ka barci, an gargaɗe ka cewa yana iya kawo gyangyaɗi. Ledar gyaɗa, gyaɗa tsurarta kana kallonta ta cikin leda, an rubuta a bayanta wai akwai gyaɗa a ciki. Butar lantarkin da na saya da ɗan littafinta ta zo. Shafi ɗaya ne ya koya maka yadda ake kunna ta, sauran duk "kada" ne: kada ka tsoma ta a ruwa, kada ka taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, kada yaro ya matso.

Maganar gyaɗar tana da tushe, gara in faɗa maka. Akwai mutane da yawa a nan da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa ko riɗi, ɗan ƙanƙani ya shiga bakinsu sai maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi a filin jirgin Heathrow, ashe da riɗi a cikin ƙullin kuma ba a rubuta a jiki ba. A cikin jirgi abin ya taso mata, bayan an sauka rai ya yi halinsa a asibiti. Tun Oktoban 2021 doka ta tilasta wa duk mai naɗe abinci a kantinsa ya lissafa abin da ke ciki, ya kuma fito da abubuwa 14 da aka san suna tayar da irin wannan larura ɓaro-ɓaro. Makarantar 'yarka ta wajena ta hana shigowa da duk abin da ya haɗa hanya da gyaɗa. Ranar da uwarta ta sa mata ƙuli-ƙuli a jaka, kafin azahar an kira mu a waya, takarda kuma ta biyo baya. Wannan ban ga laifinsu ba. Amma me ya haɗa shi da sanar da mai sayen gyaɗa cewa gyaɗa ya saya?

Lokacin da mura ta kwantar da gidan gaba ɗaya na shiga kanti na ɗauki farasitamol kwali uku. Na'urar biyan kuɗi ta karɓi biyu, a na uku ta tsaya cak, jar fitila ta kama. Yarinyar kantin ta zo tana ta ba ni haƙuri, ta zare kwali ɗaya ta mayar. Ƙwaya 16 ce a kowane kwali, haka doka ta ƙayyade wa kantuna tun 1998, kemis kuma 32, saboda masu ɗirkawa cikinsu don su kashe kansu. Na fito, na shiga kanti na gaba, na sayi wasu biyu, ba wanda ya ce uffan. Likitocinsu dai sun ce mace-macen sun ragu tun da aka yi dokar, don mai niyyar cikin ɓacin rai in bai tarar da shi da yawa a gida ba, kafin ya gama zagaya kantuna zuciyarsa ta huce. To, ka kwatanta da kemis ɗin bakin layinmu, inda za ka aiki yaro ya dawo maka da maganin da ko likita sai ya yi tunani kafin ya rubuta.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki abin ya fi ƙamari. Ƙwan lantarki ya mutu a falo, na jawo kujera zan taka in canza, shugabarmu ta daka mini tsawa. Sai mai gyara ya zo da tsaninsa, shi aka koya wa hawa tsani, shi ke da takardar shaida. Falon ya yi kwanaki a duhu-duhu, tsofaffi masu raunin gani na lalube a ciki, wannan kuma ba wanda ya lissafa shi cikin haɗari.

Wata safiya wata tsohuwa ta zame daga bakin gado ta zauna daɓas a ƙasa. Ba ta yi kuka ba, miƙo mini hannu kawai take yi tana kiran sunana. Tsohuwar nan duka-duka bai fi in cicciɓe ta da hannu ɗaya ba. Amma ba hali. Sai an kira nas ta duba ta, a turo na'urar ɗaga mutum, mu biyu mu zura mata ƙyallen a ƙarƙashi, sannan a danna. Na durƙusa gabanta na sa mata matashi a baya, na rufa mata bargo a ƙafa, ina ba ta haƙuri, ita kuma ta zuba mini ido. Yaya, a ce Inna ce a ƙasa haka ni ina jiran na'ura, ai sai dangi su ce na lalace. Hujjarsu ita ce tsoho kan karya ƙugu bai sani ba, ka ɗaga shi ka ƙarasa shi, kai ma bayanka na iya gocewa. Gaskiya ne. Amma bayan an mayar da ita gado sai fom: ƙarfe nawa, wa ya gani, wane takalmi ne a ƙafarta, fitila a kunne take ko a kashe. Lokacin da na ɓatar a kan fom ya ninka wanda na yi tare da ita. Abin da ake nanata mana kullum shi ne, duk abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba.

A nan bakin zaren yake. Yawancin rubutun nan alƙali ake yi wa. Mai kantin da ya kafa rawayan allo mai hoton mutum yana sulɓewa a inda aka goge daɓe ya san kana da ido. So yake in ka faɗi ka kai ƙara ya ce ai ga allo nan, an faɗa masa. Abin ya samo asali da nisa. A 1932 kotun ƙoli ta wancan zamani ta yi hukunci a shari'ar wata mata, May Donoghue, wadda ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemo a garin Paisley. Aka ce mai yin kaya yana da alhakin wanda kayansa suka cutar, ko da ba hannu da hannu suka yi ciniki ba. Hukunci ne mai kyau. Inda aka sami matsala shi ne da ƙara ta zama haja. A 1995 aka ba lauyoyi damar karɓar shari'ar rauni bisa sharaɗin in ba a ci ba, ba ka biyansu ko sisi. A 2000 gwamnati ta janye tallafin lauya daga yawancin irin waɗannan ƙararraki, dillalan ƙara suka cika talabijin da rediyo da talla. Har yau waya kan shigo, wata murya mai zaƙi ta ce sun sami labarin ka yi hatsarin mota wanda ba laifinka ba. Ni da ko lasisin tuƙinsu ban kammala samu ba! Wanda aka ɗan sumbaci motarsa ta baya a danja sai ya fito dafe da wuya, ciwon da hoton asibiti ba ya nunawa, ya karɓi dubban fam, kuɗin kuwa a inshorar kowa ake tatsarsu. Da gwamnati ta gaji, a 2021 ta yanka wa abin farashi: ciwon wuyan da bai wuce wata uku ba, fam 240.

In hira ta biyo ta nan a wurin aiki, Turawan sai su ɗora wa Amurka laifi, su kawo labarin tsohuwar da ta zuba wa kanta kofi ta ci miliyoyi. Sunanta Stella Liebeck, shekararta 79, a 1992 abin ya faru a garin Albuquerque, a McDonald's ta sayi kofin. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne zafin kofin ya haura digiri 80, ya ƙona cinyoyinta har sai da aka yanko fata aka dasa mata, ta kwana 8 a asibiti. Dala 20,000 ta nema da farko don kuɗin magani, kamfanin ya ce 800 zai bayar, alhali an riga an kai masa ƙorafin ƙuna wajen 700 kafin nata. Masu taya alƙali shari'a suka yanke dala miliyan 2.7 na horo, alƙali ya rage zuwa 480,000, daga baya aka sasanta a asirce. Kuma ka san me? Kofin da ya ƙona ta akwai gargaɗi a jikinsa.

Abubuwan da na ga suna tsare rai da gaske a ƙasar nan ba su da surutu. Fuloginsu irin namu ne mai ƙafa uku, amma kowanne da fis a cikinsa, soket kuma da 'yar ƙofa ta ciki, yaro ba zai iya zura ƙusa ba. Ba za ka ga wanda ya fiƙe waya ya cusa a soket ya danne da tsinken ashana ba. Mota in ta shekara uku, duk shekara sai an gwada birki da taya da fitilu, in ta faɗi ba ta hawa titi. Mai gidan haya dole duk shekara ya kawo ƙwararre ya duba masa gas. A 1974, shekarar da suka yi babbar dokar kare lafiyar ma'aikata, mutum 651 ne suka mutu a bakin aiki. Yanzu ba sa kai 150 a shekara. Wannan kam na sara musu.

Amma kada ka ɗauka komai nasu tsaf yake. Ranar 14 ga Yunin 2017, cikin azumi, firji ya kama da wuta a wani bene mai hawa 24 a Landan, Grenfell. Wutar da ya kamata ta tsaya a gida ɗaya ta bi rufin adon da aka manna wa bangon ta waje, ta haye har sama. Mutum 72 suka mutu, da yawansu baƙi ne irinmu, Musulmin da ke farke don sahur na cikin waɗanda suka riƙa buga ƙofofi suna tada maƙwabta. Mazauna benen sun daɗe suna kokawa ba a saurare su ba. Rahoton binciken da ya fito a Satumbar 2024 ya ce duk mutuwar nan abin kaucewa ce, ya ce kamfanonin da suka yi rufin sun yi ha'inci a gwajin wuta, ya kuma zargi gwamnati da zafin son rage dokoki. Dama tun 2012 Firaminista David Cameron ya sha alwashin yaƙar wannan ɗabi'a ta yawan taka-tsantsan. Allon daɓe bai ragu ba, fom bai ragu ba, sa ido a kan manyan magina ne ya yi sako-sako. Ƙasar da ba za ta bar ni in taka kujera ba ita ce ta lulluɓe talakawanta da makamashi.

Mu kuma namu ciwon daban ne. Addininmu ya san diyya tun kafin a haifi lauyan Ingila, raƙumi ɗari aka yanka wa rai. Amma mai mota ya take yaro, dattawa su zo zaure, uba ya ce ƙaddara ce, na yafe. Allah ya ba shi ladan yafiya. Sai dai direban ya koma titi da birkinsa yadda yake, don ba abin da ya fita daga aljihunsa balle ya tuna. In kuma aka ce za a bi haƙƙi, ka tuna yaran Kano 200 da Pfizer ya yi gwajin magani da su lokacin sanƙarau na 1996, 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75, kuɗin farko bai shiga hannun iyaye ba sai 2011. Nan mai ƙaryar ciwon wuya ya fi su saurin samun biya.

Don haka ba zan ce ka manna wa buhunan shinkafarka gargaɗi ba. Amma don Allah Yaya ka daure ka kira mai wayarin na ƙwarai ya sake wayoyin shagon nan, a cire jone-jonen da ke bayan kanta, ka kuma rataye tukunyar kashe gobara inda yaran shago za su iya kaiwa. Kai ka fi ni sanin yadda wuta ke yi wa kasuwanninmu. In kuɗin ya yi yawa ka faɗa mini, mu raba.

Ka tambayi layya. Ba a yanka a gida, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Kuɗi kake ba mahauci, nama ya zo maka a kwali, yara ko ƙahon ragon ba su gani ba. Shi ya sa bana ma zan turo a yanka mini a can gida a raba. Sannan ka gaya wa Inna, duk wanda zai taho kada ta ba shi kilishi ko dambun nama ko man shanu. Nama da duk abin da aka yi da madara daga wajenmu an hana shigowa da su, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi a lalata, wahalarta ta tashi a banza. Yaji da kuka da daddawa dai mutane na shigowa da su, ta ƙara yawan daddawar.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka.