Sayen layin waya a filin jirgin Jidda: abin da na gani a tafiyar Umara

A watan Rajab da ya wuce na raka mahaifiyata Umara daga Abuja, kuma tun kafin mu tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na yanke shawarar cewa ba zan yi amfani da datar layina na Najeriya a Saudiyya ba, domin na taɓa yin haka a wata tafiya, katin da na saka bai kwana ba.

Da muka sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, bayan an buga mana fasfo mun ɗauki kaya, sai muka tarar da rumfunan manyan kamfanonin sadarwar ƙasar guda uku, wato STC da Mobily da Zain. Na tsaya a wadda mutane suka fi ƙaranci, saboda Hajiya ta gaji, ni kuma ina cikin harami, fasfo da riyal duk suna cikin ɗamarar da ke ƙuguna. Ma'aikacin ya karɓi fasfo da biza, sannan ya miƙo na'urar ɗaukar hoton yatsa, domin dokar ƙasar ba ta yarda a sayar da layi ba sai an yi rajistarsa da sunan mai shi. Wanda ya sha layin haɗa NIN da sim a Wuse ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai wannan bai kai minti ashirin ba.

Yatsan Hajiya ne ya so ya ba mu wahala. Ta sha lalle, ga bushewar fata irin ta tsufa, na'urar ta ƙi karɓa har sau uku. Ma'aikacin bai ɗaga murya ba, ya ce ta hura wa yatsan iska daga baki ta sake ɗorawa, a karo na huɗu ya shiga. Ita kuwa cewa ta yi, “Kai dai ka tabbata lambar ƙanwarka ba ta ɓace ba.” Da tsinken ɗan kunnenta aka buɗe mazaunin sim ɗin wayarta.

Na sayi tsarin baƙi mai data da mintunan kira, kuma na tambaya ko farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya a ƙasar tun 2020. Ban bar wurin ba sai da na ga intanet ya buɗe. Da layin na nemi izinin shiga Rauda a manhajar Nusuk, da shi na sayi tikitin jirgin ƙasan Haramain zuwa Madina, tafiyar kusan kilomita 450, kuma sabis bai yanke mini ba sai jefi-jefi a hanya. Inda na ga rauninsa shi ne bayan sallar Juma'a a harabar Harami, lokacin da jama'a suka fito gaba ɗaya, saƙo yakan jima kafin ya tafi.

Wani abokin tafiyarmu ya ga kamar layin filin jirgi ya yi tsada, sai ya saya a hannun wani mai talla kusa da masaukinmu, ba fasfo ba yatsa. Kwana huɗu layin ya mutu, kuma da ya je ofishin kamfanin aka shaida masa cewa da sunan wani aka yi rajistarsa, saboda haka babu abin da za a iya yi masa. Sai da ya sake sayen wani.

Layina na gida kuwa ban cire shi ba. Na bar shi a mazauni na biyu, na kashe datarsa, domin ta nan banki yake turo lambar sirri idan zan tura wa iyali kuɗin cefane a Gwarimpa. WhatsApp ma na bar shi a kan tsohuwar lambata, don haka ƙanwata ta ci gaba da samun hotunan Hajiya har ranar da muka yi ɗawafin bankwana.