Na'urar awon hawan jini ta gida: ta damtse, ta wuyan hannu ko agogo?

Kafin ka fara kallon sunan kamfani ko kyan kwali, nemo tef irin na tela ka auna damtsenka tukuna, daidai tsakiya tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ka rubuta santimita nawa ne. Zai yi maka kamar wasa, amma wannan lambar ita ce kan gaba a duk cinikin. A 2023 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun auna mutane da maɗauri (abin da ake naɗawa a damtse a hura masa iska) girma daban-daban, masu ƙaton damtse da aka ɗaura musu maɗaurin kowa-da-kowa sai lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyun awon, ta ƙaru da kusan 20, wato mutum BP ɗinsa 125 ne na'ura ta ce 145, shi ke nan hankali ya tashi, ƙila ma a ƙara masa maganin da ba ya buƙata. Siririn mutum kuma in maɗaurin ya yi masa yawa lambar sauka take yi, ya zauna yana murna alhali ba haka abin yake ba. Da yawa cikin na'urorin suna zuwa da maɗauri mai 22 zuwa 32, akwai mai faɗi 22 zuwa 42, a jikinsa ake rubutawa, ka duba kawai.

To yanzu nau'o'in. Akwai tsohuwar nan mai famfon roba da allura, wadda ake haɗawa da abin sauraren ƙirji na likita. Asalinta tun 1896 ne da Riva-Rocci ɗan Italiya ya fito da maɗaurin, sai Korotkoff likitan Rasha ya gano a 1905 cewa in ana sassauta iska akwai sautin da ake ji a jijiya, farkonsa lambar sama, ɓacewarsa lambar ƙasa. Mai zaiba a ciki kam ana ta janye ta tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 saboda zaiba guba ce. Mai allurar tana da kyau a hannun wanda ya koya, amma kai kaɗai a ɗaki kana famfo da hannu ɗaya, kana kasa kunne, kana kallon allura? Haba. Kuma in ta faɗi ƙasa saitinta na iya gocewa ba ka sani ba. Ni dai ba na ba mai awo a gida shawarar ta.

Wadda nake ganin ta fi ita ce ta damtse mai batir, ka danna ta hura kanta. Sai dai ka san wani abu, ita ba sauti take ji ba, girgizar da bugun jini ke yi cikin iskar maɗaurin take karantawa, sai wani lissafi da kamfani ya saka mata ya fitar da lambobin biyu, kuma kowane kamfani da nasa lissafin. Shi ya sa biyu za su yi kama sak a ido, ɗaya ta faɗi gaskiya ɗaya ta yi ta zuba. Hanyar rabe su ita ce gwajin tantancewa. Ƙa'idar da aka daidaita a kai a 2018 ta ce a gwada na'ura a kan mutum aƙalla 85, a kwatanta da awon ƙwararru, matsakaicin bambancin kada ya wuce 5. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka buga a 2020 ya bi na'urori 972 da ake sayarwa ta intanet, cikin na damtse kashi 18 cikin 100 ne kawai aka tantance, na wuyan hannu kashi 8, masu kama da awarwaro kuwa ko ɗaya babu. Kuma kar tambarin CE ko rubutun cewa hukuma ta amince ya ruɗe ka, izinin sayarwa daban, gwajin daidaito daban. Akwai jerin na'urorin da aka tantance a intanet, akwai STRIDE BP, akwai ValidateBP na ƙungiyar likitocin Amurka, kyauta ake dubawa, ka saka lambar samfurin ba sunan kamfani kaɗai ba, don ko manya irin Omron da Microlife da A&D samfuri-samfuri ake gwada musu.

Ta wuyan hannu fa? Ƙarama ce, daɗin ɗauka, ba sai ka naɗe hannun riga ba, shi ya sa take jan mutane. Matsalarta tsayi. Dole wuyan hannun ya zauna daidai saitin zuciya, in ya sauka da santimita 10 kawai lambar na iya hawa da 7 zuwa 8, nauyin jinin ne kawai ba ciwo ba. Ko ta damtsen ma ba ta tsira ba, a 2024 an nuna ɗora hannu a cinya yana ƙara kusan 4, barinsa yana reto a gefe fiye da 6, balle wadda take can ƙarshen hannu. Inda take da amfani shi ne wanda damtsensa ya fi ƙarfin duk wani maɗauri, ko mai ciwo a wurin. In ba haka ba, bar ta.

Agogo kuma, nan ne talla ta fi yawa. Haske yake haskawa cikin fata ya kintata. Na Samsung sai ka saita shi da na'urar damtse duk sati huɗu, ka ga ai ba ka tsere wa sayen ta damtsen ba kenan. Na Apple da ya samu izini a Amurka a 2025 ma ba lamba yake bayarwa ba, yana bin bugunka na kwana 30 ne sai ya ce akwai alama, je a auna ka. Ƙungiyar masana hawan jini ta Turai ta faɗa a 2022 cewa kada a dogara da marasa maɗauri wajen gano ciwon ko saita magani. Waɗancan masu arha da ke cewa suna auna BP da suga da komai a tare kuwa, ko ka ɗaura wa ƙafar kujera wasu sai sun ba ka lamba.

Wani zai ce to duk wannan wahalar tana da amfani ma? Tana da shi. Akwai wanda da ya ga likita jininsa ke hawa, a gida lafiya lau, akwai kuma akasinsa wanda a asibiti normal ne a gida yana sama, kuma wannan na biyun shi ne abin tsoro don ba mai kama shi. Shi ya sa iyakar ma ta bambanta, a Turai 140/90 a asibiti, 135/85 a gida, Amurka kuma tun 2017 suka sauko 130/80. Gwajin TASMINH4 da aka yi a Ingila aka buga a 2018 ya nuna waɗanda likita ya saita musu magani da awon gida lambarsu ta sama ta fi sauka da kamar 3 zuwa 5 bayan shekara. Amma lura, da likita a ciki, ba wai ka ga lamba ka ƙara wa kanka ƙwaya ba. Akwai kuma ta awa 24 da ake rataya wa mutum tana awo har cikin barci, ita ta fi duka wajen tabbatarwa, sai dai asibiti ke ɗaura ta, ba ta saye ba ce.

Mai juna biyu ta nemi wadda aka tantance a kan masu ciki musamman, haka yara. Mai bugun zuciya da ba ya tafiya daidai ya tambayi likitansa tukuna, don lissafin na rikicewa da irin wannan bugun. Su Bluetooth da manhaja a waya, in akwai to, in babu biro da takarda sun isa. Abin da zan ƙara kuɗi dominsa shi ne ajiyar awo a ciki, da manyan lambobi in dattijo za a saya wa.

In ta zo hannu, kai ta asibiti a gwada ta kusa da tasu. Sannan sati ɗaya safe da yamma, ka zauna minti 5 bayanka a jingine, ƙafa a ƙasa, ba hira, ba kofi ko sigari minti 30 kafin nan, awo biyu da minti ɗaya a tsakani, a watsar da na ranar farko a ɗauki matsakaicin saura. In kuwa ta nuna 180/120 ko sama, ka huta ka sake, in bai sauka ba ka nemi likita a ranar, in da ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama ko magana ta karkace ko gefe ɗaya ya mutu, asibiti kai tsaye ba jira.